Littafin aikin hanyoyin kurmi, bakin titin Lekki zuwa Epe, 2020

Asabar, 21 ga Maris

Yau ba wanda ya zo. Bisa al'ada, kafin ƙarfe takwas na safiyar Asabar bakin ƙofar wannan ƙaramin kurmi da muke karewa ya cika da masu aikin sa-kai: ɗaliban jami'a, 'yan bautar ƙasa, wani lokacin ma'aikatan wani kamfani sanye da riguna iri ɗaya. Mu raba musu adduna da manjagara, mu kasa su gida uku. Kashi ɗaya su bi hanyar baƙi wadda ta zagaya daga ƙofa ta dawo, kashi ɗaya su hau gadar katako da ta ratsa fadama, masu ƙarfi kuma su bi Baba mai gadi zuwa hanyar iyaka. Abin da suke yi da safiya ɗaya, mu ma'aikatan wurin sai mu yi mako ba mu gama ba.

Tun da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a nan Legas a ƙarshen Fabrairu ake ta raguwa. Yanzu an rufe sansanonin 'yan bautar ƙasa, gwamnatin jiha ta hana taron da ya wuce mutum 50, makarantu kuma za su rufe daga jibi Litinin. Shugabar wurin ta kira ta ce a kulle ƙofa har sai yadda hali ya yi. Mun rage mu uku: ni, da Baba mai gadi wanda ya riga kowa zuwa wurin nan, da wani saurayi ɗan ƙasar Kabi da muka ɗauka bara. Na buɗe wannan littafi don duk wanda ya dawo ya san me aka yi, me aka bari, kuma don me.

Laraba, 1 ga Afrilu

Dokar kulle da Shugaba Buhari ya sanar ta fara aiki daren Litinin a Legas da Abuja. Mu uku muka zaɓi kwana a ɗakin gadi, don wanda ya fita ba lallai ya samu dawowa ba. Tun Fabrairu ma zirga-zirga ta yi mana wuya saboda hana acaba a wasu sassan birnin. Muna da shinkafa da wake da garin kwaki, sai manja galan guda.

Jiya da dare aka yi muhawarar da nake ganin ita ce za ta riƙe aikin bana gaba ɗaya. Shugaba ta ce a waya mu mai da hankali kan hanyar baƙi, don ranar da aka buɗe gari kada mutane su tarar da daji. Ba laifi a maganarta, kuɗin ƙofa ne ke biyan albashinmu. Amma Baba ya karɓi wayar ya ce, "Madam, hanyar baƙi in ta rufe, adda za ta buɗe ta. Iyaka in ta rufe, sai kotu."

Gaskiyarsa ce. Wanda bai san wannan yanki ba ba zai gane ba. Daga Ajah har Ibeju, inda ake gina matatar Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa, kowane taku na ƙasa akwai mai ido a kansa. Tifofin yashi ba sa hutawa, ana cike fadama ana dasa rukunin gidaje. A irin wannan wuri, hanyar da aka share a gefen kurmi ita ce ke gaya wa mai wucewa cewa akwai masu shi kuma suna nan. Manyan wurare kamar Lekki Conservation Centre, wanda gidauniyar kare muhalli ta NCF ta kafa a 1990 a kan hekta 78, suna da suna da ma'aikata da idon duniya a kansu. Mu ƙanana ne, abin da ke tsare mu sawun ƙafa ne da sabon sara.

Aka tsaya a kan haka: iyaka farko, gadar katako ta biyu saboda ita ce mai haɗari kuma mai tsada in ta lalace, hanyar baƙi ta ƙarshe.

Talata, 14 ga Afrilu

An ƙara mako biyu a kan kullen. An yi ruwa mai ƙarfi, ciyawa ta tashi. Mun wasa adduna duka, har da waɗanda ba mai riƙe su, muka shafa musu mai muka jingine a ɗaki don tsatsa ba ta jira a wannan danshi. Birai sun fara zuwa bayan ɗakin gadi. Sun saba da ayaba da biskit na baƙi, abin da muke hanawa ba a ji. Yanzu ba baƙi, sai tukunyarmu. Mun koma rataye kayan abinci a cikin bokiti mai murfi.

Asabar, 25 ga Afrilu

Azumi ya kama jiya. Tsarinmu yanzu: sahur, asuba, da gari ya waye mu shiga, kafin rana ta take mu fito. Zafin Legas ba irin na gida ba ne, ba ya ƙona fata, amma gumi ba ya bushewa, mutum sai ya ji kamar an matse shi. Mai azumi ba zai yi sara bayan hantsi ba. Da la'asar sakaliya sai mu yi zagaye ba sara, ido kawai.

Yadda muke share iyaka, ga wanda zai gaje mu: faɗin hannu biyu a buɗe ya isa, kada a wuce haka. In aka faɗaɗa, rana ta samu shiga, sai ciyawar nan da Yarbawa ke kira Akintola ta mamaye wurin, kuma ita in ka sare ta a sama ka ƙara mata ƙarfi ne, sai an tumɓuke saiwar. Masu sa-kai ne suka fi yin wannan aikin, domin aiki ne na hannu da yawa da haƙuri, ba na ƙarfi ba. Mu dai muna sara mu wuce, mun san za ta dawo. Reshen da ya sauko daidai fuska a yanke shi daga gindinsa, kada a bar tsini. Abin da aka sare a ja shi cikin kurmi ya ruɓe can, kada a tara a bakin hanya, macizai na son irin wannan tarin.

Hankalinmu rabinsa yana gida. Makon jiya Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu a nan Legas, yanzu kuma labarin da ke fitowa daga Kano na yawan mace-macen dattawa ya hana mu barci. Baba yana da 'yan'uwa a can. Kowane dare sai ya hau kan tankin ruwa inda waya ta fi kamawa, ya kira ɗaya bayan ɗaya. Da safe ya ɗauki addarsa bai ce komai ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.

Alhamis, 7 ga Mayu

An sassauta kulle ranar Litinin, amma akwai dokar hana fita daga takwas na dare zuwa shida na safe, takunkumin fuska ya zama dole, kuma ba shiga ba fita tsakanin jihohi. Taro har yanzu babu, don haka masu sa-kai babu.

A makonnin nan mun cire tarkuna da yawa a gefen gabas. Wayar birkin babur ce ake lanƙwasawa a yi zarge, a ɗaure a jikin ƙaramin icce a kan hanyar da dabba ke bi zuwa ruwa. Gyazbi ake nema, amma waya ba ta zaɓe. Mun tarar da guza a ɗaya, ta riga ta mutu, wayar ta shige cikin wuyanta har ba a ganinta. Shekaran jiya muka haɗu da mai tarkon ido da ido. Ba maharbi ba ne, lebura ne a wani gini da aka tsayar tun Maris, yana da mata da yara. Saurayinmu ya so a kira 'yan sanda. Baba ya hana, ya zaunar da mutumin, ya yi masa magana da Yarabancinsa na shekaru, ya karɓe wayoyin, ya ɗebar masa garin kwaki daga namu.

Na goyi bayan Baba, kuma ba don tausayi kaɗai ba. Mu uku ba za mu iya gadin kurmi da ƙarfi ba. In maƙwabta suka ɗauke mu abokan gaba, a dare ɗaya za a yi mana ɓarnar da ba za mu gyara a shekara ba. Haka muka yi da matan da ke shigowa neman itace tun da kuɗin kananzir da gas ya gagare su: busasshen reshe da ya faɗi a bakin iyaka su ɗauka, ɗanye kada a taɓa, kuma kada a shiga ciki. Zuwa yanzu sun riƙe alkawari, har ɗayarsu ce ta nuna mana inda aka ɓoye wasu tarkunan.

Talata, 26 ga Mayu

Mun yi Sallah ranar Lahadi ba Idi. Iska ta kayar da babbar bishiya a kan hanyar baƙi, kusa da wurin hutawa. Ba mu da injin yanka, mai kawo mana shi haya bai dawo aiki ba. Da gatari da zarto za ta cinye mana lokacin da iyaka ke buƙata, don haka muka buɗe 'yar kewaya ta gefenta muka bar ta kwance. Ina ganin ma a bar ta har abada. Gara da naman kaza za su yi aikinsu, yara 'yan makaranta kuma su samu abin kallo.

Juma'a, 19 ga Yuni

Watan ruwa ke nan. A Legas Yuni ne ya fi kowane wata ruwa, kuma bana fadama ta cika fiye da yadda Baba ya saba gani. Dalilin a bayyane yake: filin da ke bayanmu an cike shi da yashi bara, ya fi mu tudu yanzu, ruwan da a da yake kwanciya can duk ya juyo kanmu. Da shi yake zuwa da robobi da ledojin fiya-wata da takalma, su taru a gindin tukurwa.

Duk makon nan a kan gadar katako muke. Aikin da ya fi cin rai ke nan, kuma shi ne wanda ba a gani. Katako ba ya ruɓewa daga sama inda ido ke kai. Daga ramin ƙusa yake farawa, ruwa ya shiga ya kwanta, ƙusa ta yi tsatsa ta kumbura, cikin ya zama gari alhali fuskar tana nan lafiya. Yadda Baba ya koya mana: ka durƙusa, ka buga kowane katako da bayan adda a kai biyun. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kauri. Wanda ya mutu sai ka ji "bus", kamar ka buga kabewar da ta lalace a ciki. Wanda ya yi haka mu yi masa alama da jan fenti. Sannan a sauka cikin ruwa da takalmin roba a girgiza ginshiƙai, musamman daidai inda ruwa ke hawa yana sauka, nan ne icce ke saurin ci. Wanda ke nutse kullum ya fi daɗewa.

Sai gansakuka. A da kowace Asabar akwai masu goge ta da buroshin waya, kuma ƙafafun baƙi ma suna rage ta. Yanzu ta yi shimfiɗa kore shar, santsinta ya fi sabulu. Saurayinmu ya zame ya bugi gwiwa, Allah ya taƙaita. Mun goge rabin gadar, kafin mu kai ƙarshe farkon ya fara komawa.

Wani kafinta ya ba mu shawara mu shafe katakan da baƙin mai, yadda ake yi wa rufin gida don gara. Na ƙi. A rufin gida yana zama inda aka shafa shi, a nan ruwan sama zai wanke shi cikin fadamar da kifi da kwaɗi da kunkuru ke ciki, ita ce kuma abin da muke nan don mu tsare. Maganin gaskiya katakon ekki ne, mai nauyi da taurin da ruwa ba ya yi masa komai da wuri, har ƙusa ba ta shigarsa sai an huda. Ana samunsa a kasuwar katako ta Oko-Baba da ke Ebute Metta, amma tun Maris ba kuɗin ƙofa. Abin da muka yi: muka ciro lafiyayyun katakai daga dandamalin kallon tsuntsaye, muka maye gurbin waɗanda suka mutu a farkon gada.

Asabar, 4 ga Yuli

An buɗe hanyar jihohi ranar 1 ga wata. Saurayinmu ya tafi gida. Mahaifinsa ba shi da lafiya kuma damina ta yi nisa, gona na jira. Ba wanda ya ce masa kada ya tafi. Baba ya raka shi har bakin titi, ya ce, "Ka gaida mutan gida, ɗana. In Allah ya sa an buɗe, wurinka na nan."

Mu biyu ba za mu riƙe gadar duka ba. Daga lanƙwasa ta biyu zuwa ƙarshe mun gicciya gora mun ɗaure, mun rubuta gargaɗi. Na san abin da hakan ke nufi: ɓangaren da aka daina takawa zuwa ƙarshen damina sai dai sabon gini, ba gyara ba. Na gaya wa shugaba a fili don kada ta ji daga baya. Ta yi shiru, sannan ta ce mu yi abin da za mu iya.

Litinin, 10 ga Agusta

Ruwa ya ɗan ɗauke kamar yadda yake yi a Agusta. Ranar Juma'a aka sake buɗe masallatai a Legas, muka yi karɓa-karɓa, Baba ya je wannan makon, ni mako mai zuwa. Babbar Sallah ta wuce mana a nan cikin kurmi.

Abin da Baba ya hango tun Afrilu ya faru. Ranar Alhamis da sassafe, a kusurwar arewa, muka tarar da sababbin turaku huɗu na siminti, fenti bai gama bushewa ba, an dasa su cikin filinmu da tazara mai yawa daga tsohuwar alamar awo. An sare ƙananan itatuwa an ja layi. Sawun takalma ya nuna daga waje aka shigo, cikin dare ko da asuba. Da hanyar iyaka ta rufe, ba za mu kai kusurwar nan ba sai bayan damina, lokacin kuwa an zuba bulo an ɗora kwano, magana ta koma ta shekaru.

Ba mu taɓa turakun ba. Na ɗauki hotuna da waya tare da tsohuwar alamar, na tura wa shugaba, ita ta kira lauya da mai awon da ya yi takardun wurin. Washegari wasu samari suka zo suna ɗaga murya cewa filin kakanninsu ne. Baba ya tsaya a kan hanyar da muka share, hannunsa ba adda, ya ce mu ma'aikata ne, masu takarda na zuwa, su jira su. Da mai awo ya zo da na'urarsa ya nuna lambobin, aka tuge turakun a gaban mai unguwa. Ban ɗauka an gama ba. Mun mai da zagayen kusurwar arewa safe da yamma, kuma muna canza lokaci.

Laraba, 16 ga Satumba

Ruwa ya dawo. Hanyar baƙi ta rufe daga tsakiya, igiyoyin daji sun haɗe ta sama, dole mutum ya sunkuya. Kwarkwasa ta yi sansani a wurin hutawa. Mun kwashe shara buhu-buhu daga bakin kwalbati don ruwa ya samu fita. Birai sun rage zuwa ɗakin gadi, muna ganinsu can sama a kan kwakwar manja suna cin abinsu. Da za a ji tawa, in an buɗe a hana shiga da abinci kwata-kwata, a duba jaka a ƙofa.

Asabar, 24 ga Oktoba

Shugaba ta samo kuɗin katako daga wasu tsofaffin masu sa-kai da suka yi karo-karo ta waya. An saya, amma motar ba ta iso ba. Zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda ta rufe titi a ƙofar karɓar kuɗi ta Lekki, sai harbe-harben da aka yi a can daren Talata 20 ga wata, sai dokar hana fita. Kwanakin nan ba mu yi nisa da ƙofa ba, muna jin ƙarar harbi daga nesa, muna kiran 'yan'uwa a Obalende da Agege da Mile 12 muna tambayar lafiya. Wasu daga cikin yaran da ke zuwa mana aikin Asabar suna cikin masu zanga-zangar. Na kira waɗanda nake da lambarsu, sun amsa, alhamdulillahi.

Asabar, 21 ga Nuwamba

Katako ya iso farkon wata. Yau kuma, karon farko tun Maris, masu sa-kai sun shigo, 'yan kaɗan, kowa da takunkumi, kowa da addar da zai riƙe har ya tashi ba musaya, ga bokitin ruwa da sabulu a ƙofa. Na kai su hanyar baƙi. Wata ɗaliba da ta fi kowa sanin wurin ta tsaya inda hanyar ta ɓace ta ce ba ta gane ko'ina ba. Na nuna mata jan ƙyallen da muka ɗaura a jikin itatuwa tun Yuli don kada layin ya ɓata mana, suka bi shi suna sara. Sun tumɓuke Akintola a wurin hutawa har saiwa.

Wani ya tambaya me ya sa muka bar hanyar ta lalace haka alhali muna nan. Ban ji haushi ba, bai ga iyaka ba. Bayan an tashi na zagaya da shi kusurwar arewa ya ga ramukan turakun.

Talata, 22 ga Disamba

Cutar ta sake tashi. Gwamna Sanwo-Olu da kansa ya kamu a watan nan, an sake taƙaita taro, shugaba ta dakatar da aikin Asabar zuwa sabuwar shekara. Mun koma mu biyu, amma saurayinmu ya kira ya ce yana hanya bayan ya gama sussuka.

Inda aiki ya tsaya: iyaka a buɗe take duka. Hanyar baƙi ta buɗu zuwa bishiyar da ta faɗi, sauran na jiran hannu. Gada lafiya lau zuwa lanƙwasa ta biyu, sababbin katakan ekki na jingine a inuwa, mun ɗora su kan bulo don kada su sha ƙasa, muna jiran kafinta mai na'urar huda. Ginshiƙai bakwai ne ke buƙatar canji a ɓangaren da aka rufe, kuma Janairu zuwa Fabrairu ne lokacinsu, sa'ad da ruwan fadama ya ja baya. Hunturu ya fara busar da ciyawar gefen titi, masu share filaye kuma sun fara cinna wuta, don haka gobe za mu fara faɗaɗa share a gefen kudu kaɗai, inda kurmi ya haɗu da ciyawa, mu kwashe busasshen ganye har ƙasa ta fito.